Tallafin makamashin gida: Haƙƙin dillali da rabon talaka

Duk lokacin da aka tayar da zancen tallafa wa marasa ƙarfi da makamashin girki, mutum biyu ake ambata: gwamnatin da za ta fitar da kuɗi, da talakan da za a sauƙaƙa wa. Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya rufe famfonsa, wato dillalin da zai zuba jarinsa ya sayo kayan, ya yi dakonsu, ya auna wa mai saye, sannan ya zauna jiran a biya shi cikon kuɗinsa. Tarihin tallafin kananzir da na dakon mai a Najeriya, wanda mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni suka ga wani yanki nasa a ƙofar gidajensu, ya nuna cewa yadda aka biya wannan mutum na uku shi ke tabbatar da ko tallafi zai isa murhun talaka ko zai maƙale a hanya.

Kano ba ta san ƙanƙara ba, amma ta san hunturu. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu buƙatar wuta takan ƙaru a kowane gida: ruwan wankan yara kafin makaranta, ruwan alwalar dattawa da asuba, kaskon gawayi a ɗakin tsohuwa, ga kuma gidan da aka yi haihuwa, inda wankan jego ke cin itace har kwana arba'in. Ƙaramin ma'aikacin da ke haya a Gyadi-Gyadi da mai tireda a kasuwar Tarauni duk sun san cewa kuɗin wuta na watannin nan ya fi na sauran shekara. Babu wani shirin gwamnati da aka keɓe domin ɗumama gidajen marasa ƙarfi. Abin da ya fi kusa da haka a tarihin ƙasar nan shi ne tallafin kananzir, wanda aka kafa hujjarsa da cewa shi ne man risho da fitilar talaka.

Kananzir na naira 50 da ba a gani ba

Shekaru da dama farashin gwamnati na litar kananzir naira 50 ne. A takarda ke nan. A zahiri, ban da gidajen man NNPC ƙalilan inda mata da yara ke jera jarkoki tun da sassafe, yawancin jama'a sun riƙa saye a kan ninki biyu ko uku na wannan farashi, a hannun masu auna shi da kwalba a cikin unguwa. Gwamnati na biyan bambancin da ke tsakanin ainihin kuɗin shigo da man da naira 50, amma biyan yana faruwa ne can sama, a wajen shigo da kaya, inda babu wanda ke tambayar gidan wa man ya shiga.

Dalilin ɓacewarsa ba boyayye ba ne. Kananzir ɗan'uwan man jirgin sama ne, ana kuma iya gauraya shi da man dizal, kuma dukansu biyu sun fi shi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya sami takardar ɗaukar tanka guda a farashin gwamnati yana da kasuwanni da yawa da suka fi layin jarkoki riba, ciki har da tsallaken iyaka. Takardar kanta ta zama haja, tana wucewa daga hannu zuwa hannu, kowa na ɗora nasa. Kafin man ya iso hannun ƙaramin dillali a Kano, kuɗinsa ya riga ya wuce naira 50, sai ya zama ko dai ya sayar a faɗuwa, ko ya karya farashin hukuma, ko ya daina sayarwa baki ɗaya. Da yawa sun zaɓi na ƙarshe. Shirin da NNPC ta ɓullo da shi a 2011 na kai kananzir unguwanni kai tsaye da motoci bai yi tsawon rai ba.

A farkon 2014, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya shaida wa kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa cewa tun 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin janye tallafin kananzir, amma NNPC ta ci gaba da cire kuɗinsa daga abin da ya kamata ta zuba a asusun tarayya. Binciken da kamfanin PwC ya yi daga baya ya nuna cewa abin da aka lissafa a matsayin tallafin kananzir tsakanin Janairun 2012 da Yulin 2013 ya haura dala biliyan 3. A Janairun 2016 aka mayar da farashin naira 83, tallafin ya mutu a hukumance. Zuwa 2023, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna litar ta haura naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado, gawayi da gas suka gaje shi.

Abin lura a wannan labari shi ne an kashe kuɗi masu yawa, amma ba a biya mutumin da ya dace ba. An biya mai shigo da kaya tun kafin a san inda kayan suka nufa, an bar mai sayarwa na ƙarshe da farashin da ba zai fitar da shi ba.

Bashin kuɗin dako

Ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni sunanta Hotoro NNPC, saboda daffon man da ke kan titin Maiduguri. An gina shi ne domin ya riƙa karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Da matatar ta durƙushe, ɓarayi kuma suka addabi bututun, sai man Kano ya koma bisa taya, daga Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar da ta kai ko ta haura kilomita 1,000.

Dakon nan yana da tsada, ga shi gwamnati ta ce farashin fetur ɗaya ne a ko'ina. Domin daidaita wannan aka kafa Asusun Daidaita Farashin Man Fetur, wato PEF, a 1975. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne: ana cire 'yan nairori daga kowace lita da aka sayar a ƙasar a tara a asusu, sannan a mayar wa dillalin da ya yi dogon dako, wanda ya wuce kilomita 450, kuɗin da ya kashe. Da haka ne mai babur mai ƙafa uku a Unguwa Uku ya riƙa shan mai a farashin da direban Legas ke sha. Ko da ba a kira shi tallafin talaka ba, babu yankin da ya ci moriyarsa kamar Arewa.

Matsalar ita ce dillali ke fara biya. Shi zai sallami mai tanka da direba, ya sauke man, ya sayar a farashin hukuma, ya miƙa takardunsa, sannan ya jira. Jiran nan ya tashi daga makonni ya koma watanni, daga watanni ya koma shekaru. Dokar Masana'antar Man Fetur da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta narkar da PEF cikin sabuwar hukuma, NMDPRA, wadda ta gaji asusun tare da bashinsa. A Satumban 2022 dillalan mai masu zaman kansu na Arewa sun janye daga daffo tara na tsawon kwana uku, suna cewa suna bin naira biliyan 70. A Afrilun 2024 shugabannin daffo na ƙungiyar IPMAN sun yi barazanar rufe gidajen mai kan bashin da suka ce ya kai naira biliyan 200, a Fabrairun 2025 kuma suka ba da wa'adin kwana bakwai kan naira biliyan 100. Waɗannan alƙaluman ƙungiyar ne. Ita hukumar ta sha nanata cewa tana biya kashi-kashi, kuma ba za ta biya takardar da ba ta tantance ba.

Mai karatu da ke kasuwanci ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da jinkiri ke yi wa jari, amma lissafin ya cancanci a gan shi a fili. A ɗauka dillali na bin naira miliyan 10 na dako, kuma da rancen banki ya yi aikin, a kan ruwan kashi 30 cikin ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne tun da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Shekara guda ta jinkiri ta cinye miliyan 3. Idan da kuɗin aljihunsa ya yi, hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, ta yi masa irin wannan ɓarna. Wanda ya yi dako lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, aka biya shi bayan ta kai 1,500, an ba shi adadin da ya nema, amma kuɗin ba za su sayi ko rabin tayoyi da kayan gyaran da ya ƙarar ba. Biyan da babu diyyar jinkiri a cikinsa ragi ne da aka yi wa mai haƙƙi ba da yardarsa ba.

Kuma asarar ba ta tsayawa a kansa. Babban dillali mai gidajen mai hamsin zai iya jure wa shekara biyu. Mai gida ɗaya ko biyu a kan titin Zariya, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, tanka biyu da aka riƙe masa kuɗinsu sun isa su tsayar da shi. Da ya tsaya, layi ya ƙaru a gidan man da ke kusa, 'yan bumburutu su fito da galan-galan, talakan da aka yi tsarin dominsa ya sayi man a sama da farashin da zai saya in da babu tsarin sam. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ba kowace takardar neman biya ce ta gaskiya ba. An sha samun tankokin da aka rubuta sun nufi Kano amma aka sauke su a kudu, ko suka tsallaka Nijar, aka kuma zo neman kuɗin dakon da ba a yi ba, abin da ya sa PEF ta shigo da tsarin bin sawun motoci ta kwamfuta mai suna Aquila. Kwamitin Majalisar Wakilai da Farouk Lawan ya jagoranta a 2012 ya gano cewa tallafin man 2011 ya haura naira tiriliyan 2.5 alhali biliyan 245 aka ware a kasafi, kuma kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga ƙasa da goma a 2006 zuwa 140 a 2011. Shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci a cikin wannan binciken, abin da ke nuna zurfin ramin. Saboda haka tantancewa dole ce. Abin da ba dole ba ne shi ne a mayar da ita mafakar da za a ɓoye rashin kuɗi ko son a zo a gaishe da mai sa hannu. Tantancewar da ba ta da wa'adi, mai gaskiya take hukuntawa, domin maƙaryaci bai zuba jarin komai ba, jira ba ya ci masa tuwo a ƙwarya.

Yadda ake yi a ƙasar sanyi

A Amurka, inda sanyi ke kisa, akwai shirin tarayya mai suna LIHEAP da aka kafa a 1981 domin taimaka wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin ɗumama gida. Majalisarsu na ware masa kimanin dala biliyan 4 a shekara, ana raba wa jihohi, kuma gidaje wajen miliyan 6 ke amfana. A mafi yawan lokuta ba a miƙa wa magidanci kuɗin a hannu. Ana tura su ne ga kamfanin lantarki ko na gas, ko dillalin man ɗumama gida, a rubuta a asusun gidan. Dokar shirin ta shardanta cewa dillali ba zai caji gidan komai ba sai ragowar da tallafin bai rufe ba, kuma ba zai wulaƙanta mai karɓar tallafi ko ya bambanta shi da sauran abokan cinikinsa ba.

A jihohin arewa maso gabashin ƙasar, irin su Masacuset da Kanetikat, inda gidaje da yawa ke ƙona mai a tukunyar ɗumama gida, kuma dillalan galibi ƙananan kamfanonin iyali ne masu 'yan motoci, an daɗe ana amfani da wata dabara ta ƙayyade farashi. Ana ɗaukar farashin bakin daffo na ranar da aka kai man, a ɗora masa wata tsayayyar riba a kan kowane galan, wannan shi ne abin da shirin zai biya. Amfaninta shi ne farashin na tafiya da kasuwa, ba a daskarar da shi kamar naira 50 ɗin kananzir ba, kuma dillali ba zai tsuga wa gwamnati yadda ya ga dama ba.

Duk da haka ba a rabu da jayayya ba. Dillalan can ma sun sha kukan cewa ribar da aka yanka takan tsufa: albashin direba da inshora da kuɗin mota su tashi, ita tana nan inda take shekara da shekaru, har wasunsu su fice daga shirin, gidan talaka da ke ƙauye ya rasa mai kawo masa mai a tsakiyar sanyi. Haka ma jinkiri. Shekarar kasafin tarayyarsu na farawa ne ranar 1 ga Oktoba, daf da shigowar sanyi, kuma duk sa'ad da majalisa ta yi tsaiko, kamar rufewar gwamnati ta kwana 43 a ƙarshen 2025, kuɗin kan makara. Bambancinsu da Najeriya shi ne akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jiha da kowane dillali, wadda ta faɗi yadda za a lissafa farashi da yadda za a biya, kuma jinkirinsu da makonni ake ƙirga shi.

Indiya ta bi wata hanyar daban. Tun farkon 2015 magidanci ke sayen tukunyar gas a farashin kasuwa, dillali ya karɓi cikakken kuɗinsa nan take, gwamnati kuma ta tura tallafin asusun bankin mai gidan. Dillali ya fita daga jerin masu bin gwamnati bashi, amma nauyin jira ya koma kan talaka, wanda dole ya fara nemo cikakken kuɗin tukuna. A unguwar da ake sayen gas kilo ɗaya ko rabi, gawayi kuma na ɗari biyu a leda, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Idan Kano za ta gwada

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, litar ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 540 a gidajen man NNPC na Kano cikin kwanaki, kuma farashin bai-ɗaya ya kau. Yanzu kuɗin dako yana cikin abin da mai saye ke biya, shi ya sa man Kano ya fi na Legas tsada. Matatar Ɗangote ta shigo da motoci masu amfani da iskar gas domin kai mai gidajen mai kai tsaye, bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi ma ana sa ran zai rage dogaro da tanka. Amma babu ɗayansu da ke ware gidan marar ƙarfi ya sauƙaƙa masa. Gas ɗin girki ya haura naira 1,000 kan kilo a 2024, gidaje da yawa suka koma gawayi, dazuzzuka na biyan farashin. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024, kuma duk wani yunƙuri na aiwatar da ita ga talaka, na tarayya ne ko na jiha, zai bi ne ta hannun masu sayar da gas na unguwa.

Najeriya ta taɓa gwada irin wannan a wani fagen. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an fara tura wa manoma saƙon waya domin su karɓi taki a rabin farashi daga dillalan da aka yi wa rajista, gwamnatin tarayya da ta jiha su cika sauran. An yaba wa shirin domin ya yanke 'yan tsakiya. Abin da ya karya shi shi ne cikon: bashin biliyoyin naira ya taru, dillalan da suka ci rancen banki suka rasa yadda za su yi, shirin ya lafa bayan 'yan shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan an yi askin ne ladan ya ƙi fitowa.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata ma'aikacin da zai tsara irin wannan shiri ya fara amsawa ba na bikin ƙaddamarwa ba ne. Shin kuɗin suna ajiye a asusu na musamman kafin a raba katin farko, ko sai an jira sakin kasafi? Da wane farashi za a biya, na ranar da aka sayar ko na ranar da aka sa hannu a yarjejeniya wata shida baya? Ribar dillali ya kamata ta zama a rubuce, a kan farashin tashar da yake saro gas, a kuma sake duba ta duk lokacin da kuɗin dako ya motsa. Wa'adin biya ya zama da kwanaki, wanda ya wuce shi ya biya diyya, ko da gwamnati ce. A madadin haka, dillali ya yarda a duba sikelinsa ba tare da sanarwa ba, domin tauye mudu a kilon gas ya zama ruwan dare, kuma kada a biya shi sai mai gidan ya tabbatar ta wayarsa cewa ya karɓa. Wanda aka kama da sunayen bogi a cire shi, a gurfanar da shi shi kaɗai, kada a riƙe kuɗin sauran saboda laifinsa.

Ƙananan masu sayarwa su ne suka fi buƙatar wannan kariya, kuma su ne ba su da murya. IPMAN na iya rufe daffo tara har Abuja ta ji a jikinta. Mai shagon gas a lungun Gyadi-Gyadi ko Darmanawa, wanda jarinsa bai wuce manyan tukwane huɗu ko biyar masu cin kilo 50 ba, ba shi da wannan ƙarfi. Tashar da yake saro kaya kuɗi hannu take karɓa, kuma a lokacin hunturu tukwanensa kan ƙare cikin 'yan kwanaki. Idan rabin cinikinsa ya koma kati, kuma kuɗin katin ba su shigo ba kafin tukunya ta ƙarshe ta ƙare, ba zai iya komawa tasha ba, kuma mai kati na gaba da ya zo da silindarsa zai tarar da shagon a rufe.